Adadin Tubalin da Ya Ƙi Rabuwa

A zamanin da birane suka fi dogara da kaurin ganuwarsu a kan alkawarin maƙwabtansu, an yi wani sarki a Birnin Zangina, sunansa Hamidu ɗan Tanko, mutum mai tsoron Allah da tsoron abin da za a ce, kuma waɗanda suka zauna da shi sun san cewa tsoro na biyu ya fi hana shi sukuni. Birninsa yana da ƙofofi bakwai da unguwanni goma sha uku. Al'adarsu tun kaka da kakanni ita ce, duk sa'ad da ganuwa ta zube, unguwanni ne ke buga tubalin gyaranta da hannuwansu, ba a saye, ba a kuma karɓar na baƙo, domin gudun kada maƙiyi ya cusa sammu a cikin laka.

A zamanin mahaifinsa wannan al'ada ta jawo masifa. An ɗora wa Unguwar Marina fiye da abin da aka ɗora wa Unguwar Maƙera, aka kuma buga tubali fiye da bukata, daga baya aka ga rarar a katangar gidan wani bafade. Mutane suka fito da sanduna da guduma, rana ba ta faɗi ba sai da aka binne mutum bakwai. Saboda haka ranar da aka naɗa Hamidu, ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya yi rantsuwa biyu: ba zai ɗora wa wani ɓangare na mutanensa tubali ɗaya fiye da wani ɓangare ba, kuma ba zai sa a buga tubali ɗaya da ganuwa ba ta bukata ba.

A shekara ta tara ta sarautarsa damina ta yi ƙarfi, ganuwar gabas ta kwanta. Mahara kuwa sukan zo da zarar koguna sun janye, wato saura wata biyu. Sarkin Gini, wani mutum mai suna Tanimu, ya ɗauki igiyarsa ya auna gurbin sahu sahu, tun daga gindi mai fāɗi har zuwa kai mai siranta, yana ƙulla kowane sahu a jikin igiya, sannan ya tara ya ce ana bukatar tubali dubu ɗari da dubu huɗu da ɗari bakwai da ashirin da tara. Sarki yana cikin gaggawa, sai ya sa mai shela ya faɗi adadin a kasuwa ran Lahadi, tun kafin wani a fada ya gwada raba shi. Kafin la'asar kowane mai unguwa ya zauna da tsakuwoyinsa, kowa kuma ya tarar da abu guda: idan aka raba wa unguwanni goma sha uku, kowace za ta ɗauki dubu takwas da hamsin da shida, sai tubali ɗaya ya rage. Marina suka ce a kai wa Maƙera. Maƙera suka ce sun ji, suna nan suna jira a ƙofar maƙera da abin da suka saba jira da shi.

Alƙalin birnin, Malam Sambo, dattijo ne siriri mai yawan shiru, ya shekara talatin yana raba gado, kuma a wannan aiki ya koyi cewa mutane ba su cika faɗa a kan babban kaso ba, a kan ɗan abin da ya rage suke kashe juna. Ran Litinin da hantsi dogari ya zo kiransa. Da ya isa fada ya tarar da Sarki a zaune, Waziri Lawwali a damansa, Tanimu kuwa a durƙushe a ƙasa, an cire masa rawani.

Bayan gaisuwa Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na raba bisa ƙofofi bakwai, biyu suka rage. Na raba bisa sana'o'i goma sha bakwai, tara suka rage. Duk ta inda na shiga wa adadin nan sai ya bar saura. A cikin mutum bakwai ɗin nan da aka binne zamanin marigayi akwai ƙanen Tanimu. Ban ce komai ba, amma mai neman ya ga Sarki ya karya rantsuwa a gaban talakawansa, irin adadin da zai zaɓa ke nan."

Sarki ya dubi alƙali ya ce, "Malam, kai ne mai rabo a garin nan. Ban rantse a kan unguwa kaɗai ba, na rantse a kan daidaito. Ka nemo mini kowane irin kashi da adadin nan zai rabu a kansa ba saura, gidaje ne, masallatai ne, rijiyoyi ne, zan tsara mutane bisa haka, Tanimu ya koma gidansa da rawaninsa. Idan kuwa babu, to na san da gangan ya yi, kuma hannun da ya riƙe igiyar awo ba zai sāke riƙe wata ba. Na ba ka zuwa Juma'a bayan an sauko daga masallaci."

Malam Sambo ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji, kuma zan faɗi abin da na samu, ko ya yi daɗi ko bai yi ba."

"Abin da ya sa na kira ka ke nan," in ji Sarki.

Da ya koma gida ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ɗauko allo da tawada, ya rubuta adadin a sama, ya daɗe yana kallonsa kamar yadda yake kallon mai shaida kafin ya yi masa tambaya. Wutiri ne, ba shafa'i ba, tun da ya ƙare da tara, saboda haka biyu ba za ta raba shi ba, duk abin da biyu ta haifa kuma ya faɗi tare da ita. Ya tara lambobinsa suka ba shi ashirin da uku, ya san uku ba ta da rabo a nan, tara ma haka. Biyar ba ta shiga. Waɗannan ƙofofi ne da ya sani tun yana ɗalibi, kuma ya rufe su kafin tawada ta bushe. Daga nan aiki ya yi nauyi, domin hisabinsa na gado ne, na rabi da sulusi da sumuni, bai taɓa kokawa da adadin da ya wuce yawan tumakin mamaci ba. Kowane gwaji sai ya yi shi sau uku, don ya san hannun mutum ne a ƙarƙashin alƙalaminsa. Ya rubuta, ya wanke allo, ya sāke rubutawa. Goma sha tara ta bar ɗaya. Ashirin da uku ta bar goma. Masu ƙara suka zo ya ce su dawo mako mai zuwa. Abinci ya zo ya huce a inda aka ajiye shi.

Ran Talata da la'asar ya kai casa'in da bakwai, babu wanda ya shiga. A nan ne ya ajiye alƙalami ya yi wani lissafi dabam. Idan zai bi adadai ɗaya bayan ɗaya har zuwa rabin adadin, wato dubu hamsin da biyu da ɗoriya, ko ya tsallake duk waɗanda aka riga aka kore, shekara ba za ta ishe shi ba. Juma'a za ta zo ya tsaya gaban Sarki ya ce bai samu ba, kuma bai gama nema ba, Sarki kuwa rabin farko kawai zai ji. Wataƙila kashin da zai ceci Tanimu yana can a dubu uku ko dubu goma, a sare hannun mutum saboda alƙali ya yi nawa.

Yana cikin wannan hali Waziri ya yi sallama, shi kaɗai ba ’yan rakiya. Ya zauna, ya dubi tulin ruwan wankin allo, ya yi murmushi.

"Allah gafarta Malam, ka sha wahala. Akwai hanya mai sauƙi, ni ma ba na son ganin jini. Ka ce ka bincika ka tarar Tanimu ya yi kuskure da ɗaya. Igiya ce, takan miƙe. Adadi ya sauko da ɗaya, unguwanni sun raba daidai, Sarki ya tsira da rantsuwarsa. Tanimu a yi masa bulala goma, a ba wani sarautar. Ya fi masa."

"Ya yi kuskuren?" in ji alƙali.

"Wa zai je ya ƙirga?"

"Ganuwa za ta ƙirga, ranka ya daɗe. Ranar da aka kai sahun ƙarshe."

Waziri ya miƙe yana gyara babbar rigarsa, ya ce, "Rami ɗaya a kan ganuwa laka take toshe shi, Malam. Ka yi tunani."

Alƙali ya yi tunanin, kuma abin da ya fi damunsa shi ne maganar ba ta rasa hankali ba. Washegari da sassafe ya tafi gidan yari. Ya tarar da Tanimu a jingine da bango, ya ɗora hannun damansa a cinya yana ta murza shi da na hagu, da alama bai san yana yi ba. Alƙali ya sa aka kawo igiyar awon, suka bi ƙulle-ƙullen tare, sahu bayan sahu, jimla ta fito yadda ta fito tun farko. Sannan ya gaya masa shawarar Waziri, bai ɓoye komai ba.

Tanimu ya ce, "Allah gafarta Malam, ubana ya riƙe igiyar nan, kakana ya riƙe. Idan na ce na yi kuskure, gobe duk wanda na gina wa soro zai kwana yana kallon rufi. Ban yi kuskure ba. Ina tsoro, wallahi ina tsoro. Amma abin da ramin ganuwar ya ce shi na faɗa."

"Ka san adadin ba ya rabuwa?"

"Ni tarawa na iya, Malam. Rabawa aikinku ne."

Daga gidan yari bai koma gida ba, don ya ji ba zai iya kallon allon ba. Ƙafafunsa suka kai shi bakin kududdufin gabas, inda magina ke kwaɓa ƙasa. Unguwanni ba su fara aiki ba, amma iyalin Tanimu suna buga nasu na sana'a, sun shanya su a fili cikin layuka. Mai kula da su yayan Tanimu ne, Nomau, tsoho mai faɗin kafaɗa da kaifin baki, wanda laka ta bushe masa har gwiwar hannu.

"A'a, Allah gafarta Malam da kansa," in ji Nomau, bai tashi ba. "An zo duba inda za a binne hannun ne, ko tubali ake so? In tubali ne, ɗaya ba ma sayarwa, ya yi tsada a garin nan."

"Sannu da aiki, Nomau. Ina nema, ban samu ba tukuna."

"Mutum goma sha uku da rawani sun kāsa ɗaukar abin da jikata za ta ɗauka da hannu ɗaya. Na ce ni zan buga shi, aka ce ni ɗan Unguwar Magina ne, an ɗora mana ƙari ke nan. Na ce to ka buga, kai malami, aka ce kai ma kana da unguwa. Kowa a garin nan yana da unguwa, har kuturun bakin kasuwa."

Alƙali ya tsaya yana kallon wani magini da ke tafiya a gefen shanya yana ƙirga da yatsa, ya ga ya ƙirga gefe guda, ya juya ya ƙirga na biyu, ya faɗi jimla. Ya tambayi Nomau don me suka fara da wancan gefen.

"Shi ne gajere. Kullum da gajere ake farawa, in ka san shi ka san rabin aiki."

"In duka biyun dogaye ne fa?"

Nomau ya dube shi kamar mai tausayin wanda karatu ya taɓa. "Malam, tubalin da ke hannunka ba ya ƙaruwa don ka canja shanya. In ka ja wannan gefe ya yi tsawo, wancan sai ya tsuke. Iyakar abin da gajere zai yi shi ne ya kamo dogo su yi kai ɗaya. Daga nan in ka ƙara, ai dogon ne ya koma gajere, shanyar da ka riga ka yi ce ka zagayo ta ɗaya gefen."

Malam Sambo ya tsuguna a inda yake, rigarsa tana jan laka, ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. Duk rabon da babu saura shanya ce: yawan masu ɗauka gefe guda, kason kowa ɗaya gefen. Idan akwai babban kashi a can dubu uku ko dubu goma, dole yana da ƙaramin abokin tafiya a nan kusa, kuma wanda ya kori ƙaramin ya kori babban. Ba sai ya je dubu hamsin ba, iyakarsa inda gefe biyu suka yi kai ɗaya. Ya buga ɗari uku da ashirin da uku a kanta, ta ba shi abin da ya gaza adadin da ɗari huɗu. Ya buga ɗari uku da ashirin da huɗu, ta wuce. Iyakar ke nan. Ya lissafa waɗanda suka cancanci gwaji a ƙasa da ita, wato waɗanda su kansu ba sa rabuwa, sittin da shida ne duka, ya riga ya gama ashirin da biyar.

"Ka samu?" in ji Nomau, wannan karon muryarsa ba wasa a ciki.

"Na sami inda nema zai ƙare."

"Wannan alheri ne ko sharri?"

"Ban sani ba tukuna."

Sauran yinin Laraba da dukan Alhamis ya yi su a kan buzu. Yanzu tsoronsa ya sāke kama. Da yana tsoron kada lokaci ya ƙare, yanzu yana tsoron kada adadai su ƙare, domin kowane gwaji da ya bar saura ƙofa ce ta rufe wa Tanimu. Da ya wuce ɗari biyu sai ya riƙa jinkiri tsakanin gwaji da gwaji, yana gyara bakin alƙalamin da bai dakushe ba. Ɗari uku da bakwai, saura. Ɗari uku da goma sha ɗaya, saura. Da la'asar sakaliya ya gwada ɗari uku da goma sha bakwai, na ƙarshe, ya maimaita sau huɗu, ya bar saura. Ya tabbata yanzu, tabbacin da babu wani a birnin da yake da shi, kuma tabbacin shi ne ainihin abin da Sarki ya ce zai sare hannu a kansa. Ya zauna har aka kira magariba, yana juya maganar Waziri, yana juya maganar Tanimu, yana tambayar kansa ko gaskiyar da za ta raba mutum da hannunsa ta fi ƙaryar da za ta raba shi da mutuncinsa. Ya tashi ya yi alwala bai yanke ba.

Ran Juma'a bayan salla fada ta cika, masu unguwanni goma sha uku a jere, Marina a wannan gefe, Maƙera a wancan. Aka shigo da Tanimu. Hauni, mai zartar da hukuncin sara, yana tsaye a bakin ƙofa.

Sarki ya ce, "Malam, me ka samu?"

Alƙali ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Masana hisabi sun kasa adadai gida gida. Akwai shafa'i da wutiri, wannan wutiri ne. Akwai wanda in aka tara ɓangarorinsa sukan cika shi daidai, kamar shida, suna kiransa tammu. Akwai wanda ɓangarorinsa suka fi shi, kamar goma sha biyu, akwai wanda suka gaza, wannan yana cikin masu gazawa, gazawa mafi tsanani, don ɓangarensa ɗaya ne tak. Sannan akwai murakkabi, wanda aka gina da waɗansu adadai, akwai kuma awwal, wanda ba a gina shi da kowa ba. Na gwada wannan da duk abin da ya cancanci gwaji, sittin da shida, na kuma san dalilin da ya sa babu na sittin da bakwai. Awwal ne. Ba ya rabuwa, ba zai rabu ba, ko an tara malaman duniya. Na kuma bi igiyar Tanimu ƙulli ƙulli, bai yi kuskure ba."

Tanimu ya sunkuyar da kai. Sarki ya ɗaga ido ya dubi hauni.

"Ina neman izini in yi tambaya ɗaya kafin hukunci," in ji alƙali da sauri, ya ji muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi. Sarki ya gyaɗa kai. Alƙali ya juya ga Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne mafi saninmu da lissafi a fada. Casa'in da ɗaya, yana rabuwa?"

Waziri ya ɗan motsa leɓe, ya ce, "Wutiri ne, uku ba ta shiga, biyar ba ta shiga. Ba ya rabuwa."

"Bakwai sau goma sha uku ne, ranka ya daɗe, ƙofofinmu da unguwanninmu. Ban yi don in kunyata ka ba, ni ma da an tambaye ni ran Lahadi haka zan ce. Allah ya ba Sarki nasara, idan Waziri yana iya ruɗewa a kan adadin da bai kai ɗari ba, ni kuma mai shekara talatin a rabo na kwana huɗu a kan allo, har sai da wani magini ya nuna mini iyakar hanya, ta yaya mutumin da ke ƙirga da ƙullin igiya zai zaɓi awwal a sama da dubu ɗari, ya kuma sa ramin ganuwa ya yi daidai da shi? Makirci yana bukatar sani, Tanimu kuwa ba shi da wannan sanin. Irin waɗannan adadai Allah ya warwatsa su cikin ’yan'uwansu, ashirin da biyar a ƙasa da ɗari kaɗai, kuma ba su ƙarewa. Ruwan sama ne ya yanka ramin, shi ya zaɓi adadin."

Sarki ya ce, a hankali, "Na karɓi wannan. A mayar wa Sarkin Gini da rawaninsa. Amma ka wanke Tanimu ka bar ni a ciki, Malam. Rantsuwata tana nan, tubalin yana nan, mahara suna hanya."

Wannan ita ce maganar da alƙali ya fi tsoro tun daga bakin kududdufi, don ya san amsarta, ya kuma san ba a taɓa faɗa wa sarkin Zangina irinta ba. Ya durƙusa sosai ya ce, "A yi mini aikin gafara. Unguwanni goma sha uku su ɗauki dubu takwas da hamsin da shida kowace, ba wadda ta fi wata. Saura ɗaya. Baƙo ba ya bugawa, ɗan gari kuwa duk wanda ya buga an ɗora wa unguwarsa. Na duba birnin nan, mutum ɗaya ne kaɗai ɗan gari wanda ba a lissafa shi a kowace unguwa, domin dukansu nasa ne."

Wani dogari ya yi gyaran murya mai kama da gargaɗi. Waziri ya ce, "Malam, ka san abin da kake faɗa? Sarki ya taɓa laka?"

Alƙali bai ɗago ba. Yana kallon saƙar tabarmar da ke gabansa. Ya ji motsin tufafi, ya zaci dogarai ne. Da ya ɗaga kai sai ya ga Sarki a tsaye yana cire alkyabba.

"Ina ne kududdufin?" in ji Sarki.

Jama'a suka bi shi har ƙofar gabas. Ya naɗe hannun riga, Nomau ya tura masa curin laka ba tare da ya ce uffan ba, abin da waɗanda suka san Nomau suka daɗe suna mamakinsa. Sarki ya mulmula, ya daddanna, ya ajiye a fili, ya juya ga Tanimu ya ce, "Sarkin Gini, ya yi?"

Tanimu ya ɗauka da hannu biyu, ya juya shi, ya dubi alƙali, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gindinsa ya yi siriri. In ya bushe zai tsage. Ba zan sa shi a ganuwa ba."

Malam Sambo ya rufe ido. Sai ya ji Sarki yana dariya, dariyar da ba a ji daga gare shi ba tun da ganuwa ta faɗi. "Mutumin da aka ce ya yi mini ƙarya ke nan," in ji shi. Ya mayar da lakar cikin kwaɓi ya sāke, sai a karo na uku Tanimu ya karɓa. Mai Unguwar Maƙera, da ya ga haka, ya tuɓe riga ya shiga kwaɓi, na Marina ya ƙi yarda a riga shi, kafin la'asar fili ya fara cika.

An gama ganuwa saura kwana tara koguna su janye. Sarki ya ba Tanimu doki da riga, ya tabbatar da sarautar gini a zuriyarsa. Ya ba Nomau gona a bakin rafi, Nomau ya ce ya gode, amma da an tambaye shi tun ran Lahadi da an huta. Malam Sambo kuwa aka yi masa alkyabba, aka gina masa makaranta kusa da masallaci don ya koyar da hisabi tare da fiƙihu, Sarki ya kuma yi doka cewa kada a sāke shelar wani adadi a kasuwa sai ya bi ta allonsa.

Masu hikima suka ce: ba kowane nauyi ne Allah ya halitta mai rabuwa daidai ba, kuma ba a gane adalcin sarki a kason da ya rabu da kansa. Ana gane shi a abin da ya rage. Azzalumi yakan nemi wanda zai hukunta saboda shi, mai adalci kuwa yakan sunkuya ya ɗauka.